Yadda baƙo zai yi hirar al'ada da siyasar duniya a gidan da aka gayyace shi cin abinci

Matafiyin da ya yi sa'a a ƙasar da ba tasa ba, wata rana za a gayyace shi cin abincin dare a gidan wani ɗan ƙasar, kuma da wuya a tashi daga wannan zama ba tare da hira ta wuce gaisuwa da tambayar gajiyar hanya ba. Bayan an ci an sha, wani zai gyara zama ya tambayi baƙon yadda mutanen ƙasarsu suke kallon wannan ƙasa, ko dalilin da ya sa gwamnatinsu ta goyi bayan wane a yaƙin da ake yi, ko yadda ake aure da tarbiyyar yara a can. A irin wannan zama ne baƙo yake samun ilimin da ba ya cikin littattafan masu yawon buɗe ido, kuma a nan ne yake iya yin katoɓarar da za ta ɓata daren baki ɗaya. Abin da ya kamata ya riƙe tun farko shi ne, shi da mai masaukinsa ba matsayinsu ɗaya ba. Baƙo raɓa ne, gobe ko jibi zai ɗaure kayansa ya wuce, amma mai gida zai ci gaba da zama da maƙwabtansa da surukansa da hukumar ƙasarsa, da kuma duk abin da maganar daren ta haifar.

Shirin da ake yi tun kafin a isa gidan

Ba sai ka zama masanin tarihin ƙasar ba kafin ka amsa gayyata, amma ya zama dole ka san daga wace shekara mutanenta suke fara ba da labarinsu, domin mafi yawan musun da ake yi kan siyasar duniya musu ne a kan mafari. Idan aka tambayi Ba'amurke dalilin da ya sa ƙasarsa ba ta ga maciji da Iran, zai fi yiwuwa ya fara daga 1979, lokacin da ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran suka tsare Amurkawa 52 har kwana 444. Mutumin Iran kuwa zai ja labarin baya zuwa 1953, shekarar da hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya suka sa hannu wajen kifar da gwamnatin Firayim Minista Muhammad Musaddiq, wanda ya mayar da harkar man fetur ƙarƙashin ikon ƙasar a 1951. Duka abubuwan biyu sun faru, babu wanda ya yi ƙarya, amma wanda ya san ɗaya kaɗai zai ji maganar ɗaya ɓangaren kamar taurin kai ne kawai.

Yaƙin Duniya na Biyu ma, wanda ake zaton kowa ya yarda da labarinsa, mafarinsa ya bambanta daga gida zuwa gida. A Rasha ana ƙirga shi daga 22 ga Yuni 1941, ranar da sojojin Jamus suka afka wa Tarayyar Sobiyet, kuma mutum kusan miliyan 27 da tarayyar ta rasa sun sa da wuya ka sami iyalin da ba su da mamaci a cikinsa. A Polan yaƙin ya fara ne a Satumban 1939, lokacin da Jamus ta shigo ta yamma a ranar 1 ga wata, sojojin Sobiyet kuma suka shigo ta gabas a ranar 17. Saboda haka maganar cewa sojojin Sobiyet ne suka 'yantar da gabashin Turai za ta sa a gyaɗa maka kai a Mosko, a Warso kuma a ɗaure maka fuska. A Sin za a tuna maka cewa su tun 1937 suke gwabzawa da Japan.

Bayan tarihi sai ka dubi taswira, domin abubuwa da yawa da baƙo yake ɗauka zafin kan 'yan siyasa ne, a zahiri tsoro ne ko raɗaɗin da yanayin ƙasa ya haifar. Masar tana samun fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da take amfani da shi daga kogin Nilu, shi ya sa madatsar ruwan da Habasha ta fara ginawa a kan babban reshen kogin a 2011 take tayar wa Bamasare hankali, alhali shi mutumin Habasha yana kallonta a matsayin hanyar kai wuta gidajen miliyoyin mutane, kuma talakawa da ma'aikatan ƙasar sun zuba kuɗinsu a cikinta. Boliviya ta rasa gaɓar tekunta a hannun Chile a yaƙin da aka fara a 1879, amma har yau tana da rundunar sojan ruwa, tana kuma tunawa da tekun a ranar 23 ga Maris ta kowace shekara. Baƙon da ya ji wannan ya fashe da dariya, ya rufe wa kansa ƙofar da zai fahimci ƙasar ta ciki.

Sai kuma sunaye, inda baƙo ya fi saurin yin tuntuɓe ba tare da ya sani ba, domin a wurare da yawa sunan da ka kira wuri da shi tamkar bayyana ɓangaren da kake ne. Tsibiran da Birtaniya take kira Falkland, a Ajantina Malvinas ne sunansu, kuma yaƙin da aka yi a kansu a 1982 ya ci rayukan sojojin Ajantina 649 da na Birtaniya 255. Tekun da Iran take kira na Fasha, maƙwabtanta na tsallake suna kiransa na Larabawa. Girka ta yi shekaru tun daga 1991 tana jayayya da maƙwabciyarta kan sunan Makidoniya, har sai da aka ƙulla yarjejeniya a 2018, ƙasar ta koma Makidoniya ta Arewa a 2019. Dabarar a nan mai sauƙi ce: ka bari mai gida ya fara ambaton wurin, ka ji sunan da ya yi amfani da shi, sannan ka bi shi. Idan kana ganin bin nasa zai zama ka faɗi abin da ba ka yarda da shi ba, sai ka ce "tsibiran nan" ko "yankin", kuma babu wanda zai tuhume ka. Idan ma ka rasa yadda za ka yi, tambaya kai tsaye, wato "yaya kuke kiran wurin a nan?", ba ta taɓa zama rashin ladabi ba.

Ta inda ake shiga maganar

Farkon zama na mai gida ne da iyalinsa da abincin da aka wahala aka girka. Wanda ya zauna tun bai wanke hannu ba ya fara tambaya kan shugaban ƙasa, ya nuna cewa bai zo don mutanen gidan ba, ya zo neman labari ne, kuma mutane suna saurin gane wannan. Ka bari su buɗe batun siyasa da kansu. A mafi yawan gidaje ba za ka daɗe kana jira ba, domin baƙo daga nesa shi ma abin sha'awa ne a wurinsu, kuma suna da tambayoyin da suka daɗe suna son yi wa irinka. Idan har aka kusa tashi ba wanda ya taɓo batun, to ka ɗauka cewa shirun yana da dalili, ka ƙyale shi.

Idan maganar ta buɗe, hanyar da ta fi albarka ita ce ka yi tambaya a kan rayuwa, ka bar siyasar ta fito daga cikinta. A ɗauka kana gidan wani dattijo a Atina, babban birnin Girka. Idan ka ce masa, "Me kake gani game da Tarayyar Turai?", abin da za ka samu shi ne jawabin da ya saba ji a talabijin, wanda da ma za ka iya karanta shi ba tare da ka bar ƙasarku ba. Amma idan ka ce, "Baba, yaya kuka yi da hidimar gida a 2015, lokacin da aka rufe bankuna?", za ka ga ya ajiye cokali. Zai ba ka labarin makonni ukun da bankunan suka yi a rufe, da layin da ake yi a gaban na'urar cirar kuɗi don karɓar Yuro 60 da aka ƙayyade wa mutum a rana. Kafin ya gama, matarsa za ta katse shi ta gyara masa wani abu da ya manta, ɗansu kuma zai faɗi yawan abokan karatunsa da suka tafi neman aiki ƙasashen waje. Daga nan za ka ji ra'ayinsu kan bashi da Jamus da Tarayyar Turai ba tare da ka tambaya ba, kuma za ka ji shi tare da dalilinsa, wanda shi ne abin da labaran duniya ba sa kawo maka.

Wannan hanya tana aiki ko'ina. A Koriya ta Kudu, uwar da ɗanta yake yin wata 18 na aikin sojan dole za ta bayyana maka ma'anar cewa yaƙin 1950 zuwa 1953 ya tsaya ne da yarjejeniyar tsagaita wuta ba ta zaman lafiya ba, fiye da yadda wani mai sharhi zai yi. A gabashin Maroko, wanda yake da dangi a Aljeriya zai nuna maka abin da rufe iyakar ƙasashen biyu tun 1994 yake nufi ga mai son zuwa biki ko ta'aziyya a garin da ba shi da nisa. Ka kuma lura da waɗanda ba su cika magana ba. Sau da yawa mai gida ne yake riƙe hira, amma tsohuwar da ke gefe ita ce ta ga abin da ake magana a kai da idonta, matashin da ke danna waya kuma yana da ra'ayin da ya saɓa wa na mahaifinsa. Idan tsarin gidan ya ba da dama, ka juya ka tambaye su cikin ladabi. Idan ka ga saɓani ya taso tsakanin uba da ɗa, kada ka shiga sharo ba shanu, ko da ɗayansu ya nemi ka raba gardama, domin rigimar ta girme zuwanka kuma za ta ci gaba bayan tafiyarka.

Maganar al'ada

Mutane suna ɗauka hirar al'ada ta fi ta siyasa sauƙi, amma a ganina a nan aka fi ɓata wa mai gida rai, domin siyasa ta shugabanni ce, al'ada kuwa ta uwarsa da ubansa ce. Kuskuren da ya fi yawa shi ne fara kowace magana da "mu a wurinmu". Sau ɗaya ko biyu yana da daɗi, domin su ma suna son jin yadda ake yi a wani wuri, amma idan ya yawaita sai ya zama awo, kana ɗora rayuwarsu a kan sikelin da ka zo da shi. Tambayar "me ya sa kuke yin haka?" ita ma tana da kaifi, domin tana sa mutum ya fara kare kansa. Ka mayar da ita "yaya ake yi?" ko "wa ya koya muku?" ko "a zamanin iyayenku ma haka yake?", za ka ga amsar ta yi tsawo ta kuma yi daɗi. Tambaya ta ƙarshen nan tana da amfani na musamman, domin tana nuna maka abin da ya sauya a cikin al'ummar, da abin da su kansu suke jayayya a kai.

Akwai tambayoyin asali da ba a yi sai mutum ya faɗa da bakinsa. A Ruwanda, bayan kisan kiyashin 1994, an cire ƙabila daga katin shaidar ɗan ƙasa, kuma tambayar mutum ko shi Hutu ne ko Tutsi babban rashin sanin ya kamata ne. A Labanan, inda aka yi yaƙin basasa daga 1975 zuwa 1990, kuma ba a sake ƙidayar jama'a a hukumance ba tun 1932 saboda yadda rabon muƙamai ya rataya a kan yawan mabiya kowane addini da ɗariƙa, tambayar aƙidar mutum ba ƙaramar magana ba ce. Kai kuma ka shirya wa akasin haka, domin za a iya yi maka tambayoyin da kake ganin sun shiga sirrinka: shekarunka, albashinka, dalilin da ya sa ba ka yi aure ba, ko addinin da kake bi. A wurare da yawa wannan nuna kulawa ne. Ka amsa wanda za ka iya, wanda ba ka so kuma ka zame masa da murmushi da amsa gajera, ba tare da ka koya wa mai gida darasi a kan abin da ya dace a tambayi baƙo ba.

Wani wurin da ake yawan zamewa shi ne lokacin da mai gida ya fara kushe ƙasarsa. Zai ce shugabanninsu ɓarayi ne, hanyoyi sun lalace, matasa sun lalace, babu abin da yake aiki. Baƙo mai son nuna goyon baya sai ya taya shi, har ya ƙara da abin da shi ma ya gani a filin jirgi, nan take kuma sai ya ga fuskoki sun sauya. Mutum yana da 'yancin kushe nasa, amma ba ya son jin kushen daga bakin wanda ya zo jiya. Ka saurara, ka tambayi yadda abin ya kai haka, sannan ka faɗi wani abu takamaimai da ya burge ka a ƙasar, wanda ka gani da idonka. Yabo na gama-gari, irin na "mutanenku suna da kirki", kowa ya san na fatar baki ne.

Idan aka juyo kanka

Ko ba daɗe ko ba jima za a tambaye ka game da ƙasarka, wani lokaci ma cikin zafi, musamman idan gwamnatinku ta taɓa yin abin da ya shafe su, ko kuma idan abin da suka sani game da ku bai wuce labarin yaƙi ko yunwa ko zamba ba. Akwai hanyoyi biyu da baƙo yake bi ya yi asara. Wani yana zama jakada, ya kare duk abin da gwamnatinsa ta yi har da wanda a gida shi da kansa yake suka. Wani kuma, don neman a so shi, sai ya zubar da ƙasarsa gaba ɗaya, abin da yake sa masu hankali a wurin su fara shakkar amanarsa. Abin da ya fi shi ne ka yi magana da bakin mutum ɗaya: "Ni dai ga yadda nake gani, amma a gida an rabu a kan wannan batu, ga abin da ɗaya ɓangaren yake cewa." Wannan gaskiya ce a kusan kowace ƙasa. A ranar 15 ga Fabrairun 2003, dubban ɗaruruwan mutane sun cika titunan Landan suna adawa da yaƙin Iraƙi, amma gwamnatinsu ta shiga yaƙin a watan da ya biyo baya. Idan ka nemi kada a ɗora maka laifin gwamnatinku, to wajibi ne kai ma ka yi wa mai gida wannan adalcin, kada ka riƙa ce masa "ku kuka yi kaza" a kan abin da aka yanke a fadar da bai taɓa shiga ba.

Idan aka tambaye ka abin da ba ka sani ba game da ƙasarku, ka ce ba ka sani ba. Maganarka za ta daɗe a gidan, za a riƙa ba da ita a matsayin abin da aka ji daga bakin ɗan ƙasar.

Idan aka faɗi abin da ba ka yarda da shi ba

Ba kowane saɓani ake yi wa magani iri ɗaya ba, saboda haka ka fara tantance abin da kake ji. Idan mutum yana ba da labarin abin da ya same shi ko ya sami danginsa, kamar wanda kakanninsa suka bar gidansu a rabuwar Indiya da Pakistan ta 1947, wadda ta raba fiye da mutum miliyan 10 da muhallinsu, to ba wurin gyaran alƙaluma ba ne, ba kuma wurin cewa "ai ɗaya ɓangaren ma an kashe musu mutane" ba ne, ko da hakan gaskiya ne. Ya san da haka, ba shi yake ba ka labari a yanzu ba. Idan kuwa jita-jita ce ta siyasa, irin wadda ake ɗora duk masifar duniya a kan wata maƙarƙashiyar ɓoye, za ka iya cewa abin da ka karanta ya bambanta, ka faɗe shi sau ɗaya a taƙaice, sannan ka tambayi abin da ya sa mutane da yawa suka yarda da wancan. Amsar takan fi jita-jitar amfani, domin a ƙarƙashinta akwai wata yaudara ta gaske da aka taɓa yi wa mutanen. Ba za ka sauya wa mutum ra'ayin shekara da shekaru a zama ɗaya ba, kuma ba don haka aka gayyace ka ba.

Inda kawaici yake da iyaka shi ne idan magana ta koma ƙiyayya ga wata al'umma gaba ɗayanta, ana cewa dukansu mugaye ne ko sun cancanci abin da ya same su. Cin abincin mutum bai wajabta maka gyaɗa kai ga wannan ba. Ba sai ka ɗaga murya ba, ya isa ka ce, "Baba, a nan kam ban bi ku ba, domin na zauna da wasu daga cikinsu kuma alheri na gani." Daga nan ka bar maganar, kada ka nemi sai ya janye. Mafi yawan masu gida suna girmama baƙon da ya faɗi gaskiyarsa cikin natsuwa fiye da wanda ya amsa komai da "haka ne".

Idan da tafinta ake hirar, wanda galibi wani matashi ne na gidan, ka tausaya masa. Ka yi gajerun jumloli, ka guji ba'a da habaici domin ba sa tsallaka harshe lafiya, kuma ka sani cewa yana rage kaifin maganganu ta kowane ɓangare don kada a ji kunya. Kada ka sa shi ya isar wa mahaifinsa maganar da shi da kansa ba zai iya faɗa masa ba.

Tsaron mai gida

Tun kafin ka shiga ƙasa ya kamata ka binciki abin da dokarta ta hana faɗa, domin akwai wuraren da magana take kai mutum gidan yari. A Tailan, sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 a kan kowace tuhuma ta cin mutuncin sarki, kuma kowa yana iya kai ƙara. A Turkiyya, sashe na 299 ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 4 ga wanda ya zagi shugaban ƙasa. A Rasha, dokar da aka kafa a Maris 2022 ta ba da damar ɗaure mutum har shekara 15 kan yaɗa abin da hukuma ta kira labarin ƙarya game da sojoji. A Jamus, musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa a bainar jama'a yana iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 5. Dalilan waɗannan dokoki sun bambanta ƙwarai, amma darasinsu ga baƙo ɗaya ne. Da yawa daga cikin irinsu sun fi shafar maganar da aka yi a fili, kuma abin da yake mayar da hirar cikin ɗaki ta zama ta fili shi ne wayar da ke aljihunka. Kada ka naɗi murya, kada ka ɗauki bidiyon hira, kuma ko hoto ne ka nemi izini.

Ka koyi karanta alamun da ke cewa a tsaya. Mai gida zai rage murya, ko ya kalli ƙofa, ko ya tura yara ciki, ko ya ɗauke wayoyi ya kai wani ɗaki. Uwargida za ta ƙara maka abinci a daidai lokacin da ka yi tambaya, ta kuma kawo zancen yanayi. Wani zai yi dariya ya ce shi bai san siyasa ba, alhali ɗazu ya nuna ya san ta sarai. Duk wannan amsa ce, kuma maimaita tambayar zalunci ne. Ka kuma tuna cewa ba ka san alaƙar waɗanda ke zaune ba. Maƙwabcin da ya shigo a tsakiyar hira yana iya zama aminin gidan, yana kuma iya zama wanda ake taka tsantsan da shi. A Jamus ta Gabas, hukumar tsaron cikin gida ta Stasi tana da masu kai mata rahoto a ɓoye fiye da 170,000 a 1989, kuma bayan an buɗe takardunta mutane sun gano cewa wasu daga cikinsu abokansu ne ko danginsu. Saboda haka abin da mai gida ya faɗa maka ku biyu a bakin ƙofa, kada ka ɗauko shi a gaban jama'a kana cewa "kamar yadda ka gaya mini ɗazu".

Amanar ba ta ƙarewa da sallama. Kada ka kai maganar wannan gida zuwa gidan da za ka ci abinci gobe, musamman a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa. Idan za ka rubuta labarin tafiyarka a intanet, cire suna kaɗai ba ya wadatarwa, domin sana'ar mutum da unguwarsa da yawan 'ya'yansa da hoton falonsa sun isa a gane shi, saboda haka ka sauya ko ka cire duk abin da zai nuna shi. Ka rubuta "wani magidanci ya ce mini", kada ka rubuta "mutanen ƙasar suna ganin", domin gidan da yake gayyatar baƙo daga waje, har ya iya hira da shi, galibi gidan masu ilimi ne ko masu hali a birni, kuma ra'ayin manomi ko direba ko ɗan wani yanki yana iya bambanta da nasu nesa ba kusa ba. Idan kuka ci gaba da gaisawa ta waya bayan ka koma gida, ka tsaya a kan gaisuwa da tambayar iyali, kada ka aika masa labaran siyasar ƙasarsu kana neman ra'ayinsa a rubuce, sai fa idan shi ne ya fara.